Idan harshe na tura haƙora: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin a sa wa yaro waya

Tambayar wannan mako ta fito ne daga Iware, a Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola ta Jihar Taraba, garin nan mai babbar kasuwar shanu a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. Wata uwa ce take tambaya a kan ’yarta mai shekara 11. Idan yarinyar ta rufe baki, turamenta na haɗuwa, amma haƙoran gaba na sama da na ƙasa ba sa taɓa juna, sai a ga wata ’yar taga a tsakani, harshe na leƙowa ta ciki. Likitan haƙori a Jalingo ya ce harshen ne ke turo haƙoran, kuma za a buƙaci waya, irin wadda ’yan boko ke kira bireses. Maigidan yana ganin kwalliya ce kawai za a kashe wa kuɗi, kakar yarinyar kuma ta ce wushirya ce, a bar mata abarta. Uwar tana so ta san wa ke da gaskiya, kuma idan an fara, yaya za a jure.

Bari mu fara da kaka. Wushirya daban, wannan daban. Wushirya tazara ce tsakanin haƙoran gaba biyu da ke jere da juna, kuma mu a ƙasar Hausa ado ce, ba ta hana mai ita cin komai. Abin da ke bakin wannan yarinya tazara ce tsakanin sama da ƙasa. Ki gwada ba ɗanki ayaba ko yankan kankana ki ce ya gatsa da haƙoran gaba. Mai wushirya zai gatsa ya wuce. Mai wannan matsala zai karkata abin zuwa gefen baki, domin haƙoran da aka yi don yanka ba sa haɗuwa. Duk aikin sai ya koma kan turame. Sau da yawa za ki ga leɓɓansa ba sa rufuwa sai ya matsa su, yana kwana baki buɗe, matashi na jiƙewa da miyau.

Wani lokaci ma malamin Islamiyya ne ke fara ganewa kafin iyaye. Harafin sinun da zayun da sadun ana fitar da su ne harshe na bayan haƙora. Yaron da harshensa ya saba zama a tsakanin haƙora sai ya riƙa karanta sinun kamar sa’un mai ɗigo uku, a yi ta gyara masa makhraji yana komawa. A Hausa ma haka ne, “s” da “z” da “ts” ba sa fita tas, a ce yana da tsamin baki. Malam, ba taurin kai ba ne, kuma bulala ba ta gyara shi.

To maigida, ka ga maganar ta wuce kwalliya. Amma kana da gaskiya ta wani ɓangare: kuɗin na iya tafiya a banza. Dalilin haka shi ne ainihin abin da nake so mu tsaya a kai yau.

Duk jariri da harshe a gaba yake haɗiya. Haka Allah Ya halicce shi domin ya iya kama nono. Yayin da haƙoran nono guda 20 ke fitowa, yaro ya fara tauna, sai harshen ya riƙa ja da baya a hankali, har ya samu mazauninsa a ganɗa, wato rufin baki, kansa na taɓa wurin da ke bayan haƙoran sama kaɗan. Ki furta “na” ko “da” a hankali, inda kan harshenki ya taɓa, nan ne gidansa. Wasu yara ba sa yin wannan ƙaura. Tsotsar yatsa da ta wuce shekara huɗu ko biyar, robar tsotso, da shan fida har yaro ya girma, duk suna riƙe harshe a ƙasa da gaba, kuma yatsan da kansa yana hana haƙoran gaba saukowa. Sai toshewar hanci. Yaron da ba ya iya numfashi ta hanci dole ya buɗe baki ya saukar da harshe don iska ta wuce, ko saboda kumburin tsokar maƙogwaro da ake kira tansil, ko tsokar da ke can bayan hanci, ko murar da ba ta ƙarewa, wadda ƙurar hunturu ke ƙara tayarwa. Akwai kuma gado, inda ƙashin muƙamuƙi da kansa ya tsiro a haka.

An daɗe ana zaton bugun da harshe ke yi wa haƙora lokacin haɗiya shi ne ke tura su. Marigayi Farfesa William Proffit na Jami’ar North Carolina a Amurka, wanda littafinsa na gyaran haƙora ke cikin waɗanda ake karantarwa a makarantun likitan haƙori a duniya, ya yi bayanin da ya fi gamsar da ni. Haƙori ba ƙarfin turi yake ji ba, daɗewar turin yake ji. Kafin haƙori ya gusa sai an matsa shi na kimanin awa shida a kowace rana, ko da matsin mai sauƙi ne. Haɗiya ɗaya kuwa kamar daƙiƙa ɗaya ce, ko mutum ya yi sau dubu a yini bai cika minti 20 ba. Abin da ke ɓarnar shi ne inda harshe ke kwanciya lokacin da yaro ba ya komai: yana kallon talabijin, yana rubutu, yana barci. Idan a nan harshen na jingine da haƙora ko yana tsakaninsu, awa nawa ke nan a rana? A wasu yaran ma tagar ce ta riga, yatsa ya buɗe ta, harshe ya zo daga baya yana toshe ta don a samu a haɗiye abinci.

Ita ma wayar da wannan ƙa’ida take aiki. Matsi ne ɗan kaɗan, dare da rana, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori na narkewa ta gefe ɗaya yana ginuwa ta ɗaya gefen. Ke nan waya da harshe kokawa suke yi da makami iri ɗaya. Bambancin shi ne wayar za a cire ta bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu, wani lokaci uku, harshen kuwa yana nan har ƙarshen rai. Shi ya sa likitocin wannan fanni suka san buɗaɗɗen cizo na cikin gyare-gyaren da suka fi saurin komawa gidan jiya.

Don haka kafin a yi maganar waya, a fara da abin da ya jawo. Idan yaro na minshari, yana kwana baki buɗe, yana tashi da bushewar baki, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za a fara gani. Ba za ki koya wa yaro rufe baki ba alhali ta nan yake shan iska. Kuma don Allah kada a kai shi wurin wanzami a ce a cire beli. Beli ba shi ne ke toshe hanci ba, yanke shi kuma na jawo zubar jini da shigar cuta. Idan yaron mai sikila ne, a faɗa wa likitan haƙori tun ranar farko, domin cutar na iya sa ƙashin muƙamuƙin sama ya ƙara girma haƙora su turo, kuma kulawar da za a ba shi ta bambanta.

Idan har yanzu yana tsotsar yatsa, babu amfanin sa waya sai ya daina. Albishirin a nan shi ne yaron da ya daina kafin famfara, wato kafin haƙoran dindindin na gaba su fito a wajen shekara shida zuwa bakwai, sau da yawa tagar na rufewa da kanta ba tare da an kashe ko kwabo ba. Shafa barkono a yatsa da wasu ke yi ba dabara ba ce, a ido yake ƙarewa. Duka da gori kuma ƙara wa yaro damuwar da ke sa shi tsotson suke yi. Safa mai tsabta a hannu da dare, yabo idan ya yini bai yi ba, da lura da lokutan da yake yi, ko yunwa ce ko barci ko tsoro, sun fi aiki. Ƙungiyar likitocin gyaran haƙora ta Amurka na ba da shawarar a duba kowane yaro yana da shekara bakwai. Ba don a sa masa waya a lokacin ba, sai don a ga inda aka dosa tun ƙashi na da taushi.

Yanzu maganar tafiya, wadda ga mutumin Iware ita ce rabin shawarar. Daga Iware zuwa Jalingo ba nisa, kuma a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke can za a iya duba baki, a wanke haƙora, a cike mai rami, a rubuta takardar turawa gaba. Amma gyaran jerin haƙora fanni ne na ƙwararru, kuma su kaɗan ne a Najeriya, yawancinsu a manyan birane da asibitocin koyarwa. A Arewa, Jami’ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Jami’ar Maiduguri da asibitin koyarwarta, suna da makarantun likitan haƙori, Abuja kuma na da ƙwararru a asibitocin gwamnati da masu zaman kansu. Kowanne daga cikinsu tafiyar yini ce daga Taraba. Waya kuwa ba a sa ta a tafi. Duk bayan sati huɗu zuwa takwas sai an koma an ɗaure ko an sauya ta. Maigida, ka ɗauki biro: shekara biyu, zuwa 12 ko fiye, kuɗin mota na mutum biyu, masauki, ranakun makaranta da na kasuwa da za a rasa. Ka ɗora wannan a kan kuɗin aikin, wanda shi kansa ana maganar dubban ɗaruruwan naira ne zuwa sama, ko da yake asibitin koyarwa ya fi sauƙi. Ka tambayi likita kai tsaye ko ana biya kashi-kashi, ko zai iya tsawaita tazarar zuwa, ko za a daidaita wasu ranakun da hutun makaranta, da kuma wanda za a gani a Jalingo idan wani abu ya ɓalle.

Ra’ayina shi ne, idan lissafin bai fita ba, gara a jinkirta. Buɗaɗɗen cizo ba ya kisa, kuma ana gyara haƙoran ɗan shekara 16 ko 25. Abin da ya fi muni shi ne a fara a yanke a tsakiya. Wayar da aka bari a baki shekara guda babu mai dubawa tana tara datti, dasashi ya kumbura, haƙora su ci rami a gefen ƙarafan, wasu su gusa inda ba a nufa ba. An biya kuɗi an sayo ciwo. Banda ɗaya ce: idan likita ya ce matsalar a ƙashi take kuma yana so ya yi amfani da shekarun girman yaro, to jinkiri na da farashi, domin babba mai irin wannan wani lokaci sai an haɗa da tiyatar muƙamuƙi. Ki tambaye shi wanne ne na ’yarki, na haƙori ko na ƙashi. Hoton ƙashin kai da zai ɗauka ne ke nunawa.

Na san wasu iyayen na da damuwa ta addini, ko wannan sauya halitta ne. Malamai da dama sun bambanta tsakanin feƙe lafiyayyun haƙora don neman ado, wanda aka hana, da gyara lahani da ke hana tauna ko magana, wanda suka ɗauka magani ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, amma ya kwatanta masa matsalar yadda take.

To an sa waya, sai me? Kwana uku zuwa biyar na farko akwai ciwo, kuma yana ɗan dawowa duk lokacin da aka ɗaure. Ba ciwo ne mai tsanani ba, tsami ne, kamar haƙoran sun yi laushi. Farasitamol daidai shekarun yaro ya wadatar. A kwanakin nan ki shirya masa koko, kunun gyaɗa, fate, alala, dafaffen dankali, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, fura da nono da aka dama sosai. Ƙarafan za su goge cikin kumatu da leɓe har su yi ’yan gyambuna a makon farko ko na biyu. Likita na bayar da wani kaki da ake murzawa a liƙa a kan ƙarfen da ke suka, ku roƙi da yawa tunda gida da nisa. Kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri na taimakawa. Idan bakin waya ya zaro yana huda kumatu, a rufe shi da kaki, a ɗauki hoto a tura wa likita ta WhatsApp, kada a sa filaya.

Takardar da asibiti ke bayarwa kan abin da ba a ci, galibi daga Turai aka kwafo ta, abincinsu take lissafawa. Namu ga shi: rake shi ne babban maƙiyin waya, gaɓa ɗaya na iya ɓalle ƙarfe uku. Sai aya, ƙuli-ƙuli, goruba, gasasshiyar masara, soyayyar gyaɗa, busasshen dabino, kilishi, goro, tauna ƙashi da guringuntsi, ƙanƙara, da masu danƙo irin su alewa, cingam da tuwon madara. Nama ba a hana ba, a yayyanka ƙanana a tauna da turame. Mangwaro da gwaiba a yanka da wuƙa. Kowane ƙarfe da ya ɓalle tafiya ce ta musamman ko ƙarin wata guda a kan wa’adin. Lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa kuma su ke barin fararen tabo a haƙori, waɗanda ba a gani sai ranar da aka cire waya, kuma ba sa gogewa da sauƙi.

Aswaki na da kyau, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya. Ana buƙatar burushi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da dare da kuma bayan cin abinci, da wani ɗan siririn burushi mai kama da tsinke da ke ratsa tsakanin ƙarafa. Wanda ke alwala sau biyar ya riga ya samu kurkure baki sau biyar, sai dai ya ƙara kulawa. Da azumi a goge sosai bayan sahur da kuma kafin kwanciya.

Ga masu matsalar harshe akwai ƙarin kaya biyu da ke gwada haƙuri. Na farko wani ɗan shinge ne na ƙarfe da ake kafawa a bayan haƙoran sama don ya tare harshe. Makon farko magana na canzawa, miyau na yawa, yaro na iya kuka ya ce a cire. Yana wucewa, yawanci cikin sati ɗaya ko biyu. Ki sa shi ya riƙa karatu da ƙarfi a gida, harshen zai fi saurin sabawa, kuma a sanar da malamansa na boko da na Islamiyya don kada a tsayar da shi gaban aji a kwanakin. Na biyu ƙananan robobi ne da ake maƙalawa daga haƙoran sama zuwa na ƙasa. Su ne ke jawo tagar ta rufe, kuma yaro ne da kansa ke sa su yana cirewa. Idan likita ya ce dare da rana, to dare da rana ne, ban da lokacin cin abinci da goge baki. Sa su da dare kaɗai kusan daidai yake da rashin sawa, domin abin da aka jawo da dare yana komawa da rana. Kuma kada a ninka su biyu don a yi sauri.

Aikin da babu likitan da zai yi muku shi ne horar da harshen. Kan harshe a wurin “na”, sauran jikinsa a manne da ganɗa, leɓɓa a rufe, numfashi ta hanci. Ki sa yaro gaban madubi, ya kurɓi ruwa kaɗan, ya ɗora harshe a wurin, ya haɗa turame, ya haɗiye yana murmushi leɓɓa a buɗe. Idan harshe ya leƙo ko ruwa ya zubo, a sake. Minti biyar da safe, biyar da yamma. Ƙyasta harshe a ganɗa, irin ƙarar da yara ke yi idan suna kwaikwayon tafiyar doki, na ƙarfafa shi. Binciken da aka yi kan wannan motsa harshe bai kai ƙarfin wanda aka yi kan waya ba, kuma shi kaɗai ba ya rufe babbar taga. Amma ba ya cin kuɗi, ba ya cutarwa, kuma yana taɓa ainihin abin da ke mayar da haƙora baya. Abin da ya fi atisayen muhimmanci shi ne tunatarwa a cikin yini. Ku yi wata alama tsakaninku, ko taɓa haɓa ko ɗaga gira, wadda ke nufin “ina harshenki?” ba tare da an kunyata ta gaban baƙi ko ’yan uwa ba.

Kunyar nan kada a raina ta. A makarantar da babu wanda ya taɓa ganin waya, yarinya za ta sha suna, daga mai bakin ƙarfe zuwa abin da ya fi haka. Wasu yaran daina dariya suke yi, wasu su ɓalle ƙarafan da gangan. Yaron da aka yi shawara da shi kafin a fara, aka nuna masa hoton bakinsa aka bayyana masa dalili, ya fi jurewa a kan wanda aka kai kawai aka danne. A ɗauki hoton haƙoran da wayar hannu duk wata, domin canjin a hankali yake zuwa, mai shi ba ya gani sai an jera masa hotunan. A gefe guda kuma, a birane yanzu wayar ta zama gayu, har ana samun masu liƙa ta a shagunan kwalliya ko a sayo ta intanet. Wannan ba magani ba ne. Duk abin da zai matsa haƙori zai gusar da shi, kuma idan ba mai ilimin abin ne ya tsara ba, haƙori na iya girgiɗa har ya faɗi.

Ranar da aka cire waya ba ita ce ƙarshe ba. Za a ba da abin riƙe haƙora da ake kira ritena, ko roba mai haske da ake kifawa a kan haƙora, ko siririyar waya da ake liƙawa a bayansu. Watannin farko yawanci ana sa ta kusan kowane lokaci, daga baya da dare kaɗai, na shekaru, ga mai buɗaɗɗen cizo ma gara a ɗauka abin ya zama na kullum. A tambayi kuɗinta tun farko ko yana cikin na aikin. Ba a wanke ta da ruwan zafi, ba a barin ta a rana ko cikin mota, domin lanƙwashewa take yi, kuma ba a naɗe ta a takarda lokacin cin abinci, ta nan ake zubar da yawancinsu. Idan an kwana biyu ba a sa ba aka ji ta matse, haƙoran sun fara tafiya ke nan, a koma sa ta yini da dare har ta saki. Idan ta ɓata ko ta karye, a kira likita a makon, kada a jira hutun makaranta.

Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba minshari da kwana baki buɗe a wurin yara, da lokacin da ya kamata a kai su asibiti.